Ganye Ɗaya, Furanni Da Yawa: Yadda Ake Renon Biyolet Ta Afirka Cikin Ɗaki



Jawabin yau a kan wani ƙaramin fure ne. Ba a cin sa, ba a ba dabba shi. Tsayinsa bai wuce tafin hannu ba. Amma a ƙasashen Turai da Amurka yana cikin furannin da aka fi ajiyewa cikin ɗaki. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su rene shi su sayar. Faransawa suna kiransa biyolet ta Afirka.

Abin mamaki game da shi shi ne wannan: ganye ɗaya tak, in an san hannunsa, yana iya ba da sabon tsiro biyar ko fiye. Sai dai waɗannan ƙananan tsiro suna da saurin mutuwa, kuma abin da ya fi kashe su shi ne yawan gata. Ruwa ya yi yawa. Kasko ya yi girma. Mai shi ya yi gaggawa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, ya riƙe rabin jawabin.

Daga ina ya fito?

Asalin wannan fure ƙasar Tanzaniya ce, a gabashin Afirka, da wani ɗan yanki na kudu maso gabashin Kenya. A Tanzaniya akwai duwatsu masu tsawo da ake kira Usambara. Can daji ne mai duhu, ruwan sama yana da yawa, iska tana da laima. Furen yana fitowa ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin tsagar duwatsu, kusa da ƙoramu. Rana ba ta dukansa. Ƙasar da yake kamawa ƴar kaɗan ce, ruɓaɓɓen ganye ne da ya taru cikin tsaga. Ruwa yana wucewa ta kanta, ba ya kwanciya.

A shekarar 1892, lokacin da Jamusawa ke mulkin ƙasar, wani jami'insu a yankin Tanga mai suna Walter von Saint Paul ya aika wa mahaifinsa irin furen a Jamus. Mahaifin ya kai wa wani masanin tsirrai, Hermann Wendland, a birnin Hanoba. A shekarar 1893 masanin ya raɗa masa suna Saintpaulia, don tunawa da wannan gida. Daga nan masu sayar da iri suka karɓe shi. Cikin shekarun 1930 wani gidan renon furanni na birnin Los Anjeles a Amurka ya fitar da sababbin iri, kasuwa ta buɗe. A shekarar 1946 masu son furen suka kafa ƙungiyarsu a Amurka. Yau akwai iri dubbai: shuɗi, fari, ja-ja, ruwan hoda, da mai launi biyu. A shekarar 2015 masana suka mayar da shi cikin dangin da ake kira Streptocarpus, amma masu reno har yanzu da tsohon sunan suka fi saninsa.

Me ya sa aka fara da labarin duwatsun Usambara? Don duk abin da furen ke so cikin ɗaki, daga can ya gado shi. Yana son haske, ba ya son dukan rana. Yana son laima, ba ya son caɓi. Yana son wuri matsattse, kamar tsagar dutse. Zafin da ya fi masa daɗi daga digiri 18 ne zuwa 24. In ya wuce digiri 30 sai ya galabaita. In ya sauka ƙasa da 15 sai ya tsaya cik.

Zaɓen ganye da yanka

Masu renon wannan fure suna kiran ganyen da aka yanka uwa. Ƙananan tsiron da ke fitowa gindinsa kuma su ne ɗiya.

Ganyen biyolet a jere yake, layi bisa layi, yana kewaye da cibiya. Cibiya ita ce tsakiyar furen, inda sababbin ganye ke fitowa. Ba a ɗaukar ganyen ƙasa, don ya tsufa, ya kan daɗe bai yi saiwa ba. Ba a ɗaukar na kusa da cibiya, don bai ƙosa ba. Na tsakiya ake zaɓa, mai ƙwari, mai kore sosai, wanda ba shi da tabo.

Ga yadda ake yi:

1. A cire ganyen tare da karansa, tun daga jikin furen. Kada a bar guntu, don guntu yana ruɓewa.

2. A samo sabuwar reza, ko wuƙa mai kaifi da aka goge da alkol. Wuƙa maras kaifi tana murƙushe kara, ruɓa kuma ta nan take shiga.

3. A rage karan ya zama kamar santimeta 3, wato tsawon gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ƙari. A yi yankan a karkace, fuskar yankan tana duban sama. Yanka a karkace ya fi faɗi, ɗiya kuma daga bakin yankan suke fitowa.

4. A huda ƙasa da tsinke. A sa karan ya shiga kamar santimeta 1 zuwa 1 da rabi. Ganyen ya ɗan kishingiɗa baya. In an binne shi da zurfi, ɗiya za su sha wahala kafin su huda ƙasa su ga haske.

5. A yayyafa ruwa kaɗan. A rufe kaskon da farar leda mai nuna ciki, don ta riƙe laima. A ajiye wuri mai haske inda rana ba ta sauka. In rana ta bugi ledar, ganyen zai dahu a ciki.

6. A rubuta ranar shuka da launin furen a jikin kaskon. Ganye ba ya faɗin launinsa, kuma mantuwa halin ɗan Adam ce.

Wasu cikin ruwa suke fara sa karan, a ƙaramar kwalba, ganyen yana sama bai taɓa ruwa ba. Wannan ma yana yi, kuma yana da daɗin kallo don ana ganin saiwa tana fitowa. Amma saiwar ruwa ba ta da ƙwari. In an mayar da ita ƙasa sai ta ɗan ja baya. Saboda haka da yawa cikin ƙwararru sun fi son ƙasa tun farko.

Irin ƙasar da ake sawa

Ƙasar gona ba ta yi. Laka tana danƙarewa ta shaƙe saiwa. Saiwar biyolet siririya ce kamar gashi, tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa.

A Turai da Amurka abu uku ake haɗawa, sau da yawa kashi ɗaya ɗaya. Na farko ruɓaɓɓiyar gansakuka ce da ake haƙowa daga fadamun ƙasashen sanyi. Na biyu wani farin dutse ne da ake gasawa har ya kumbura kamar gugguru, sunansa parlit. Na uku wani ma'adini ne mai ɓawo-ɓawo mai riƙe ruwa, sunansa barmikulit. Inda babu waɗannan, ana haɗa ganyen itace da ya ruɓe sarai ya zama baƙi, da yashi mai tsakuwa wanda aka wanke, da ɗan garin gawayi mai gari-gari. Sai a turara haɗin bisa tukunya, kamar yadda ake turara dambu, don a kashe ƙwari da cuta. A bari ya huce kafin a yi aiki da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. A jiƙa ƙasar, a dunƙula ta a hannu, a buɗe hannun. In ta warwatse da an taɓa ta, ta yi. In ta tsaya dunƙule kamar curin fura, ta yi nauyi, sai a ƙara yashi.

Jira

Nan ne haƙuri ke aiki. Cikin sati 3 zuwa 4 karan yana yin saiwa, amma ba a ganin kome a sama. Mai gaggawa sai ya tumɓuke ganyen don ya duba. Da ya yi haka ya tsinke saiwar, aikin ya koma farko. Muddin ganyen yana tsaye da ƙwarinsa, yana aiki.

Bayan sati 6 zuwa 8, wani lokaci har wata 3, sai a ga ƙananan ganye kamar kunnen ɓera sun ɓullo gindin uwa. Wani ganye ya ba da ɗiya biyu, wani biyar, wani har goma. A duk wannan lokaci ruwa kaɗan ake sawa, don ledar tana mayar da shi. In an ga ruwa ya taru jikin ledar yana ɗiga, a buɗe ta na ɗan lokaci ta sha iska.

Wani lokaci uwa ta kan yi ta girma, ta ƙi ba da ɗiya. Maganin wannan shi ne a yanke kashi ɗaya cikin uku na saman ganyen da reza. Ganyen zai bar faɗaɗa, ƙarfinsa ya koma gindi.

Raba ɗiya da uwa

Wannan shi ne aikin da ya fi wuya. Ana iya kiransa yaye. Yaron da aka yaye da wuri ya kan sha wuya, haka ma ɗan biyolet. A jira sai kowane ɗa ya yi ganye 3 ko 4, manyan cikinsu sun kai faɗin farcen babban yatsa. Yawanci wata 4 zuwa 5 ke nan bayan shuka. In kuma an bar su sun daɗe ƙwarai, sai su cunkushe, su miƙe sirara suna neman haske.

Ranar raba su, kada ƙasar ta zama jagab, kada kuma ta bushe ƙarau. A kife kaskon bisa tafin hannu, ƙasar ta fito gaba ɗaya. A kakkaɓe ta sannu da yatsa. A cire uwa. Sa'an nan a duba da kyau: kowane ɗa yana da cibiyarsa da ɗan karansa. A ware su ɗaya ɗaya da yatsa ko da tsinke. Kowane ya tafi da saiwarsa in ya yiwu. Wanda ya fita babu saiwa ba a yar da shi. A dasa shi a rufe da leda, zai yi tasa.

Kowane ɗa kaskonsa daban. Biyu cikin kasko ɗaya ba sa yin kyau, suna danne juna. A sa ƙasa ta kai daidai ƙarƙashin ganyen farko. Kada ƙasa ta rufe cibiya, don in ta rufe ta, tsiron ya mutu. Kada a danna ƙasar da ƙarfi. A ɗan bubbuga kaskon ta zauna da kanta. A yayyafa ruwa, a rufe da leda kamar sati 2. Sa'an nan a riƙa buɗe ledar kaɗan kaɗan kowace rana, har tsiron ya saba da iskar ɗaki.

Uwa kuma, in tana da sauran ƙwari, ana iya sake yanka karanta a sake shuka ta. Sau da yawa ta kan ba da ɗiya karo na biyu.

Daga ranar yanka ganye zuwa ranar furen farko, wata 8 ne zuwa shekara ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Girman kasko

Wani zai ce: me zai hana a sa ɗan tsiro cikin babban kasko tun farko, a huta? Ga dalili. Babban kasko yana ɗauke da ƙasa mai yawa, ƙasa mai yawa tana riƙe ruwa mai yawa. Ƴar saiwar ba ta iya shanye shi. Sai ruwan ya kwanta, iska ta fita, saiwa ta ruɓe. Ganye ya yi laushi ya langaɓe. Mai shi ya ga haka, ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Da hannunsa ya ƙarasa shi.

Ɗan da aka yaye, kasko mai faɗin santimeta 5 zuwa 6 ya ishe shi, wato kamar ƙaramin kofin roba. In ya girma a mayar da shi mai santimeta 7 ko 8. Babban fure ba safai yake wuce mai santimeta 10 ba. Ƙa'idar da masu reno ke bi ita ce: faɗin furen daga bakin ganye zuwa bakin ganye ya ninka faɗin kasko sau uku. Furen da ya kai santimeta 30 kaskonsa mai 10 ne. Gajeren kasko ya fi mai zurfi, don saiwar ba ta nitsewa. Kuma biyolet ya fi yin fure in saiwarsa ta cika kasko.

Kowane kasko, na yumɓu ko na roba, dole ya kasance da huda a gindi. Na yumɓu yana saurin bushewa, na roba yana daɗe da laima. Tsohon kasko a wanke shi da ruwan jabel, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye sosai kafin a sake aiki da shi.

Ban ruwa da taki

Yatsa shi ne ma'auni. A taɓa saman ƙasa. In ta bushe a ba da ruwa. In da sauran laima a dakata.

Ganyen biyolet yana da gashi. In ruwan sanyi ya zuba kansa sai ya yi tabo rawaya wanda ba ya gogewa. Saboda haka ruwan da ya kwana cikin ɗaki ake ba shi, ba mai sanyi ba. Hanyar da ta fi ita ce ta ƙasa: a zuba ruwa a faranti, a ɗora kaskon minti 20 zuwa 30, ƙasar ta tsotsa ta hudar gindi. Sa'an nan a zubar da ragowar. Ba a barin kasko ya kwana cikin ruwa. Wasu suna zura igiyar roba ta hudar gindi, ƙarshenta yana cikin kwalbar ruwa, tana jan ruwan sama kamar lagwanin fitila. Mai yin haka sai ƙasarsa ta zama sakayau ƙwarai.

Ruwa mai gishiri ko mai kanwa yana ƙona saiwa. Ruwan sama ya fi. Takin zamani na furanni kuma, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin ya isa. Tsiron da aka dasa yanzu ba a ba shi taki sai ya yi sati 3 ko 4 ya kama.

Wurin ajiya kusa da taga ne, bayan labule mai shara-shara. Kowane sati a ɗan juya kaskon, don kada furen ya karkata gefe ɗaya. In ganye sun miƙe sama kuma fure ya ƙi fitowa, haske ya yi kaɗan. In sun koɗe sun yi tauri, haske ya yi yawa.

Sake wa babban fure ƙasa

Ƙasar kasko tana gajiya. Gishirin taki yana taruwa, ta kuma danƙare. Saboda haka ana sake ta sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Ba dole ne a ƙara girman kasko ba.

Da furen ke tsufa, ganyen ƙasa suna mutuwa ana cire su. Sai kara ya fito tsirara, masu reno suna kiransa wuya. In wuya ya kai santimeta 2, a fito da furen, a yanke santimeta 2 daga gindin dunƙulen saiwa. A kankare busasshen ɓawon wuyan sannu da bayan wuƙa. A mayar da furen kasko, ya zauna ƙasa-ƙasa, a cika da sabuwar ƙasa har ta rufe wuyan. Sabuwar saiwa za ta fito daga nan.

Akwai kuma ƙananan tsiro da ke fitowa tsakanin ganye da kara. In an bar su, furen ya cunkushe ya rage fure. A cire su da tsinke ko bakin reza. Ana iya dasa su, kuma sun fi ganye saurin girma. Wasu iri masu zane a furensu, kamar layin fari tsakiyar shuɗi, ba sa maimaita zanen in daga ganye aka shuka su. Su ta waɗannan tsiron gefe ake yaɗa su.

Ƙwari da cuta

Akwai wani farin ƙwaro mai kama da ɗigon auduga, yana maƙalewa gindin ganye yana tsotson ruwansa. A goge shi da auduga da aka jiƙa da alkol. Akwai wasu ƙanana da ido ba ya gani, suna sa cibiya ta taƙure ta yi tauri. Furen da ya kamu da su gara a yar da shi nesa, a wanke hannu. Sabon furen da aka sayo ko aka samu kyauta, a ware shi wata ɗaya ko fiye kafin a haɗa shi da sauran. Rigakafi ya fi magani.

Shawara ɗaya ga mai fure guda: tun yana da lafiya ya yanki ganye ya shuka. In cibiya ta ruɓe, furen ya tafi cikin ƴan kwanaki. Amma in akwai ɗiya a gefe, iri bai ɓace ba.

Ko zai rayu a ƙasar zafi?

Gaskiya ita ce, a Nijar zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, iskar hunturu kuma busasshiya ce. Waɗannan biyu maƙiyan biyolet ne. Ba zai rayu a tsakar gida ba. Sai ɗaki mai sanyi ƙwarai, kuma ko can da wuya. Kada kowa ya kashe kuɗinsa bai san wannan ba.

Amma ƙa'idodin aikin ba baƙi ba ne ga mai lambu. Mai dasa karan rogo, da mai dasa yaɗon dankali, da mai kafa reshen zogale, duk daga jikin uwa suke samun sabon tsiro, ba daga iri ba. Mai renon ɗiyan itace cikin leda shi ma ya san leda maras huda tana kashe tsiro, kuma dashen da aka fitar daga inuwa zuwa rana farat ɗaya ya kan ƙone. Wuƙa mai tsabta, ƙasa sakayau, ruwa daidai, da sabo kaɗan kaɗan: aikin ɗaya ne.

Halin da yake ciki a gidansu

Furen da ya cika tagogin Turai, a duwatsun da ya fito yana cikin haɗari. An sare daji da yawa don noma da katako. In manyan itatuwa sun faɗi, inuwa ta tafi, duwatsu su bushe, furen ya mutu. Wasu irinsa na daji suna gab da ƙarewa, musamman wanda ke duwatsun Taita na Kenya. A shekarar 1997 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe gandun Amani, a gabashin Usambara, don kare abin da ya rage na wannan daji. Ganye ɗaya yana iya ba da ɗiya goma cikin kofi, amma inuwar da ta rene shi tun asali sai an shekara da shekaru kafin ta dawo.

To jama'a, a riƙe abu uku: ƙaramin kasko mai huda, ruwa sai ƙasa ta nema, yaye kuma sai ɗa ya ƙosa.

Allah ya sa albarka ga abin da hannu ya dasa.